Layi Shida na Sa'idu

Sa'idu mutum ne da ko gaisuwa ba ya iya tsayawa ya ƙarasa. Kana cikin tambayarsa iyali, ƙafarsa ɗaya ta riga ta kama hanya. Tsofaffin unguwarsu a Haɗeja sun ce da ba haka yake ba, rabon gado ne ya hana shi sukuni.

Mahaifinsu ya bar musu lambun albasa a fadama, shi da ƙaninsa Auta. An yanka lambun fangali-fangali, ƙananan filayen nan da ake sakar wa ruwa ɗaya bayan ɗaya, kuma masu lambu layi suke ƙirgawa, daga inda ruwa yake shigowa. Ɓangaren Sa'idu yana sha daga gabas: layi shida, kowanne fangali tara. Na Auta yana sha daga kudu, layi tara. Da jin haka Sa'idu ya miƙe zumbur.

"Yaya, tsaya ka ji," in ji Auta. "Nawa gajeru ne, shida-shida. Tara sau shida da shida sau tara ai duk ɗaya ne."

"Lissafin wanda ya ci ya ƙoshi ke nan," Sa'idu ya ce, ya kaɗe rigarsa ya fice.

Daga ranar bai sake taka gidan ƙaninsa ba, ko suna ko barka. Ya ba da aron ɓangarensa ya tafi Jahun fataucin tattasai, bai daɗe ba ya koma Miga, daga nan sai kamun kifi wajen Baturiya. Duk inda ya sauka labarin ɗaya ne, an ba shi shida an ba ƙaninsa tara, har masunta suka riƙa ƙarasa masa. Bayan shekaru, da yawon ya ishe shi ya dawo gida, amma zuciyar ba ta zauna ba.

Bana zazzaɓi ya kwantar da Auta ana tsakiyar ban ruwa. Matarsa Mairo ta zo wurin Sa'idu ta durƙusa.

"Yaya, albasa ba ta san gaba ba. In ba a ba ta ruwa ba, mun tashi a tutar babu."

Ya je, amma kada a yaba masa da wuri: so yake ya ƙirga zaluncin da idonsa. Ya tayar da inji, ya ɗauki fartanya yana buɗe wa ruwa hanya, bakinsa yana motsi. Hamsin da huɗu. Ya ja tsaki ya sake. Hamsin da huɗu, daidai da nasa. Sai ya zagaya gabas ya tsaya kan kunya ya duba, ga layi shida a gabansa, tara-tara, kamar an ɗauko lambunsa an ajiye. Kunya ta rufe shi, ya rasa wanda zai ɗora wa laifi.

Ko ƙafa bai wanke ba ya nufi gidan Auta, yana sauri yana shirya abin da zai faɗa yana rushewa. Ya yi sallama a zaure. Wata yarinya ta leƙo, Sadiya ɗiyar Auta, hancinta da goshinta sak na mahaifiyar su Sa'idu. Ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, sannan ta ɗago kai.

"Baba ba shi da lafiya. Wa za a ce yana sallama?"