Inda Kiɗan Yake Yin Ƙasa

Babanmu a maɗaba'a ya ƙarar da ƙarfinsa, cikin injinan da ba ka jin maganar na kusa da kai sai ya yi ihu. Da ya yi ritaya mun ɗauka kiwon kaji zai kama kamar tsararrakinsa. Ina! Sai ya tare a gindin fayafayan garmahonsa, waɗanda yake tarawa tun ba a haife ni ba. Duk wani shagon kayan gwanjo a garin nan ya san fuskarsa. Kiɗa ne irin na Turawan da, taron masu goge da sarewa da piyano, a yi ta yi ba mai buɗe baki ya rera ko kalma ɗaya. Mama takan ce ita ba ta taɓa ganin makaɗa masu rowar waƙa irin waɗannan ba.

A tsaye yake jera fayafayan cikin kabad, ba ya yarda a kwantar da su. Kafin ya ɗora allura sai ya goge faifan da wani ƙyalle mai laushi, wanda ko gilashin idonsa bai samu wannan gatan ba.

Akwai faifai guda da ya zame masa ciwon rai. Kiɗan yakan tashi da ƙarfi har kofuna su yi rawa a kan tebur, sannan a tsakiya ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, sai goge ɗaya ya rage. Baba ya ce wurin nan shi ne zuciyar faifan, kuma bai taɓa jin sa a tsanake daga farko har ƙarshe ba. Idan akwai wuta, mai walda na ƙofar gidanmu yana aiki, injin markaɗen maƙwabciya yana taya shi. Idan an ɗauke, garmaho ya mutu, janaretoci su karɓi unguwa. In kuwa aka yi sa'a waje ya lafa, to mu ne matsalar. A gidanmu, kiɗa in ya yi ƙasa ya ƙare ke nan. Daidai wurin Mama za ta leƙo.

"Malam, ya ƙare? Dama maganar famfon nan ce."

"Bai ƙare ba! Yanzu ma aka zo wurin!"

"To ni na sani? Na ji shiru ne."

Sai ya ɗage allura, ya zauna yana huci. Ni ma abin ya ishe ni, shi da mu duka. Na sayo masa abin sawa a kunne, ya juya shi ya miƙo mini. Wai makaɗa cike da zaure ba a cusa su a kunne kamar auduga, a ɗaki ake sauke su kamar baƙi. Wallahi ranar har ƙwafa na yi. Ga taurin kai, ga shi na lura kwanan nan sai na maimaita magana kafin ya amsa.

Wata Asabar na ɗaura ɗamara. Na je na roƙi mai walda ya ba mu sa'a guda bayan azahar, ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya yarda. Mai markaɗe ta ce in dai don Baba ne ba komai. Na kora jikoki gidan yayata, na sa Mama ta yi alƙawarin kama bakinta ko da famfon zai cika gidan da ruwa. Wuta ma ta yi mana kara, ba a ɗauke ba.

Baba ya sa rigarsa mai kyau, ya goge faifan, ya ɗora allura. Na zauna a bakin ƙofa don gadi. Kiɗan ya tashi, ya cika ɗakin, sannan ya fara sauka. Sai ga gogen nan shi kaɗai, siriri, yana tafiya a hankali kamar mai tsoron tada jariri. Ni da na girma ina yi wa kiɗan nan tsiya, tsigar jikina ta tashi.

Na waiwaya in ga fuskar Baba. Ya karkato da kai wajen lasifika, ya tattara goshi yana jira. Ya dubi ƙwan fitila, yana ci. Ya miƙe ya leƙa faifan, yana juyawa. Sannan ya dube ni.

"Ya ƙare ne?"

Haushin mai walda, da na injinan maɗaba'a, da na kanmu, duk suka taso mini lokaci ɗaya.

"Bai ƙare ba, Baba," na ce da ƙarfi. "Yana nan yana yi."

Ya daɗe a tsaye, hannunsa a kan murfin garmahon. Na ɗauka zai ɗage allurar kamar kullum. Sai ya koma kujerarsa a hankali.

"Kina jin sa sosai?"

Na gyaɗa kai.

"To daina magana," ya ce. "Ki saurara."