Kwanona Ya Riƙa Dawowa A Cike

A lokacin da soja ke shirin miƙa wa farar hula mulki, ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu a Gyadi-Gyadi, ina koyarwa a wata firamare, kuma ba abin da nake taƙama da shi kamar girkina. Ba zan ɓoye muku ba, ina ji da kaina a wannan fanni. Idan na ɗora miyar taushe, sai kun ga maƙwabta suna shigowa aron abin da ba sa buƙata. Siyasa kuwa ba ruwana da ita, na bar wa maigidana da abokansa.

Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, kuma yana zaman majalisa a ƙofar gidan maƙwabcinmu, wani lauya. 'Yan majalisar duk 'yan boko ne, akwai malaman makaranta, akwai ɗan jarida, akwai 'yan ƙungiyar ƙwadago. Suna kiran kansu masu sassaucin ra'ayi, wanda duk ba nasu ba kuwa ɗan mazan jiya ne. Kuma ba cika baki kawai suke yi ba, don a zamanin soja wasunsu sun sha ɗauri a kan cewa a bar kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Ina ganin girmansu ƙwarai. Ciyayya suke yi: bayan sallar magariba kowa ya fito da kwanon gidansa, a jera a kan tabarma a ci tare. Nawa ake fara buɗewa, ya dawo mini kamar an wanke.

Ana tsakiyar yaƙin neman zaɓen ƙananan hukumomi, sai rannan kwanona ya dawo a cike, in ban da gefen da maigida ya ci. Na ɗanɗana miyar, gishiri daidai, daddawa daidai. Washegari na yi dambu, ya dawo. Na yi funkaso da miyar da ta ji nama, shi ma ya dawo. Idan na tambayi maigida sai ya ce mutane ne suka ƙoshi, ya ja rediyonsa ya shige ɗaki. Mutanen da na san cin su, su ne za su ƙoshi a kan kwanona kaɗai?

Magana ba ta tsaya a ƙofar gida ba. Matan unguwa sun lura, don su ma kwanukansu suna fita suna dawowa. Matar lauya ta daina shigowa gidana. A wani gidan suna na miƙa hannu zan taya rabon abinci, sai wata ta karɓe ludayin ta ce in huta. Daga baya wata maƙwabciya mai tausayina ta ja ni gefe, ta tambaye ni ko gaskiya ne an tsinci wani ƙulli a cikin miyata. Kun san abin da wannan ke nufi ga mace a unguwa. Na dawo gida na ce wa maigida ko ya gaya mini gaskiya, ko in kwashi 'ya'yana in tafi gidanmu.

Sai a ranar ya yi magana. Ashe 'yan majalisa sun tsayar da wani matashi nasu takarar kansila, mai iya zance. Shi kuwa maigida ya ce a gabansu wani dattijon ɗan kasuwa na ɗaya jam'iyyar zai zaɓa, don shi ya san duk kwatar da ta toshe a mazaɓar, ya kuma ƙara da cewa ba a kan komai ne ɓangarensu ke da gaskiya ba. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kore shi. Lauyan ma cewa ya yi su ai masu mutunta ra'ayin kowa ne. Amma daga washegari hannaye suka fara tsallake kwanonsa. Ana gaisawa da shi, ana matsa masa wuri a tabarma, sai dai idan ya yi magana a jira ya gama, sannan a ci gaba daga inda aka tsaya, kamar babur ne ya wuce.

Abin da nake nadama har yau shi ne abin da na ce masa. Roƙonsa na yi ya je ya ce musu ya canza ra'ayi, ranar zaɓe ya dangwala wa wanda yake so, wa zai gani? Ya ce ba zai yi ƙarya don a ci tuwonsa ba. Na ce to ya daina fita da kwanon. Ya ce ranar da ya daina, ya yarda ke nan an kore shi. Haka ya ci gaba da fita da shi, yana cin nasu, suna ƙin nasa. Ni a lokacin taurin kai kawai na gani.

Da abin ya ishe ni, sai na hau bas na nufi Tarauni, gidan wani dattijo da kowa ke kira Baba. Shi ya kafa majalisar, kuma tun siyasar farko yake shan bulala da kurkuku a kan talakawa. Shanyewar ɓarin jiki ta same shi, ta cinye masa hannun dama, ta karkatar masa da baki, shi ya sa ya koma gidan ɗansa. Kowa ya san tun da ciwon ya same shi, ba wanda ya ƙara ganin yana cin abinci sai matarsa. Ni wajen Hajiya matar tasa na je, in yi kuka in ji sanyi. Ban san labule kawai ya raba mu da shi ba. Ya sa aka kira ni, ya tambayi abin da maigidana ya faɗa. Da ya ji wanda zai zaɓa, sai ya fusata, ya ce lallai mijina ya zautu, irin waɗannan 'yan kasuwar ne suka sa aka ɗaure su a da. Na fito ina cizon yatsa, na ce na zo neman sauƙi na ƙaro wa kaina.

Washegari bayan magariba na ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Na leƙa ta soro, sai ga Baba, ɗansa da wani suna tallafe da shi. Majalisa ta miƙe gaba ɗaya, ana ta sannu da zuwa, aka jingina shi da bango. Da aka jera kwanuka, sai ya tambaya wanne ne na gidanmu, ya ce a jawo masa shi gabansa. Wani ya miƙo masa cokali ya ci da hagu, ya ture. Ya dubi maigidana ya ce ya wanke hannu ya ba shi a baki.

Mutumin da manya ke durƙusa wa, ga shi a bakin titi ya buɗe baki ana sa masa loma, miya tana zubowa ta gefen da ya shanye tana ɓata masa riga, bai ko damu ba. Kuma tsakanin loma da loma faɗa yake yi. Ya ce wa maigidana ɗan takararsa ba ya ƙaunar talaka, ya kawo hujja idan yana da ita. Maigida ya kawo, Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce shirme ne, ƙaro tuwo. Ya sake jefo tambaya, aka ba shi amsa, ya sake rushe ta. Bai ambaci ƙauracewar da aka yi ba ko da kalma ɗaya, bai tsawata wa kowa ba. Can sai ɗan jaridar ya matso ya sa hannu, wani malami ya bi shi. Lauyan kuwa tashi ya yi ya shige gida. Ni ina tsaye a soro, hawaye ya jiƙe mini mayafi.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Har muka bar unguwar lauyan bai ƙara cin abincin gidana ba, kuma akwai matan da maganar ƙullin ba ta fita daga ransu ba. Ɗan takarar maigida ma faɗuwa ya yi, Baba har ya aiko a yi masa jaje cikin tsokana. Baba bai daɗe ba Allah ya yi masa rasuwa, bai taɓa yarda maigidana yana da gaskiya ba ko sau ɗaya.

Abin da na koya shi ne, neman a bar ka ka yi magana daban, iya zama da wanda maganarsa ke ƙona maka rai daban. Mutanen nan sun jure wa soja, amma sun kasa jure wa abokinsu. Don haka ina jan kunnen 'yan'uwa, musamman masu kiran kansu masu sassaucin ra'ayi: idan wani naku ya saɓa muku, ku yi musu da shi har muryarku ta dashe, amma kada ku hukunta shi da shiru, don ba a kansa kaɗai yake tsayawa ba, har cikin gida yake shiga ya sami wadda ba ta ce komai ba. Ku kuma mata, kada ku yi irin tawa, ku nemi mijinku ya haɗiye gaskiyarsa don a daina yi da ku. Na ga tsoho mai hannu ɗaya ya ajiye kunyarsa a bakin titi saboda mutumin da yake ganin ɓatacce ne. Allah ya jiƙan Baba.