Uwar da Ba Ta Ɗago Kai Ba

Ƙarfe sha ɗaya da kwata na safe malamin Hausa ya ce in tashi in karanta. Shekarar da sojoji za su miƙa mulki ce, motocin 'yan siyasa suna ta wucewa da lasifika a bayan katangar makaranta.

Littafin tsohon labari ne, tun na zamanin Turawa. A shafin da na karanta, ɗan fari zai tafi karatu nesa, kowa ya fito rakiya, uwarsa kuwa tana tsakar gida tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba.

"Kunyar ɗan fari ke nan," in ji malam. "A lokacin, uwar da ta nuna so a fili ta zama abin magana."

"Tab! Mutanen da sun sha fama," wata ta faɗa daga bayan aji. Ajin ya kwashe da dariya.

Ni ban yi ba. Ni ce 'yar fari a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, kuma ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Ke," take ce mini, ko "waccan." Ƙannena suna hawa cinyarta, ni ina gefe da littafi. Na bi labarin nan layi-layi ina neman inda marubucin ya ce uwar tana son yaron. Babu. Ban kuma san wanda zan tambaya ba.

Ranar Juma'a na taka zuwa Tarauni wajen kakata, mahaifiyar Baba. Na tarar tana tsinar shinkafa.

"Malama sarkin shiru! Yau kuma wane boko aka kawo mini?"

Na karanta mata shafin. Na ce, "Hajiya, tana sonsa kuwa?"

"Ya faɗi yadda tuwon ranar ya fito?"

"Bai faɗa ba."

"Namiji ne ya rubuta, bai leƙa madafa ba."

Ta ajiye faifan.

"Da ƙyanda ta kwantar da ke, ni na ɗauko ki na yi jinya. Uwarki ko ƙofar ɗakin nan ba ta taka ba, ga idon surukai. Amma je ki tambayi babanki abin da ya ci a wancan makon. Sukari ta riƙa zuba masa a miya maimakon gishiri."