Mun Shafa Fatiha Kafin Izini Ya Fito

Ni ba mai karatu ba ne. Aji huɗu na yi na bari, na shiga warsha a unguwar Sultana, shagon gyaran firji da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. A nan Madina aka haife ni, a nan aka haifi ubana. Kakana ne ya taho a ƙasa tun daga ƙasar Kano, ya yi hajji, ya zo ziyara, bai koma ba. Katin ɗan ƙasa yana aljihuna kamar na kowane Balarabe. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka ni ma baƙo ne a garin.

Matata ta fari ta rasu ba mu samu haihuwa ba. Na zauna shekara shida daga ni sai mahaifiyata, Hajiya, a gidan haya a unguwar Aƙiƙ. Wajen ƙarshen shekarun casa'in ciwon suga ya ci mata yatsun ƙafa, aka kwantar da ita asibiti wata biyu. A can na ga matar. Nas ce 'yar Filifin, Musulma, daga kudancin ƙasarsu. Ba yarinya ba ce, ta haura talatin. Kowa sista yake ce mata, ni ma haka. Ita kuma muhandis take ce mini, wai injiniya, tun ranar da na cusa wa mukayyif ɗin ɗakin guntun kwali ya daina ƙara. Larabcinta a karye yake, nawa na kasuwa ne, muka riƙa fahimtar juna a haka.

Hajiya ce ta fara magana. Ana wanke mata ciwo ta dube ni ta ce da Hausa, "Kai, hannun wannan ba ya zafi. Kana tsaye kamar ginshiƙi, ka tambaye ta mana ko tana da miji."

Ban tambaya ba. Hajiya ta tambaya da kanta, da yatsa da zobe. Ba ta da miji, kuma kwantiraginta saura wata uku ya ƙare ta koma gida. Da na yi mata maganar sai ta ce in nemi babanta. Aka yi waya, aka yi wasiƙa, baban ya yarda, ya wakilta wani tsoho tela ɗan garinsu da ke aiki a nan.

Na san ɗan ƙasa ba ya auren baƙuwa sai da tasrihi, wato izinin hukuma. Kowa ya san haka sama-sama. Na je wurin Baffa, ƙanen ubana, wanda shi ne babbanmu, na ce zan fara neman izinin, idan ya fito sai a ɗaura.

Baffa ya ajiye kofin shayinsa. "Kai da hankalinka? Za ka ɗauki hoton macen da ba taka ba ka riƙa nuna wa maza a ofis? Ta koma ƙasarsu kuna waya, a matsayin me?"

"Baffa, haka ƙa'idar take."

"Ƙa'idar wa? Uwarka sai da ta haifi yayarka kafin a rubuta aurenta, wa ya mutu? A ɗaura, sannan ka je ka ce matarka kake nema. Ka taɓa ganin an hana mutum matarsa?"

Ban taɓa gani ba. Kuma gaskiya haka mutanenmu suke yi tun zuwansu. A tara dattawa, a shafa fatiha, takarda ta biyo baya duk ranar da ta ga dama. Ni ma maganar ta yi mini daɗi, ba zan ɗora wa Baffa shi kaɗai ba. Ina son matar, kuma wata uku ba shi da yawa.

Aka ɗaura bayan la'asar a majalisin Baffa. Wani malami ɗan Najeriya da ke karatu a jami'a shi ya ɗaura. Kafin ya fara sai da ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baffa, an samu izinin hukuma kuwa?" Baffa ya ce, "Malam, karanta abin da aka kira ka ka karanta." Ya karanta. Aka raba dabino da goron da wani alhaji ya kawo mana, aka ci shinkafa da rago. Tsohon telan ya yi kuka, ban san dalili ba.

Kwana goma sha tara na lissafa mun yi a gida ɗaya, ranakun hutunta da 'yan kwanakin ƙarshe. Ta canza wa Hajiya wurin gado, ta zubar da rabin magungunan da na tara, ta koya mini yadda ake allurar suga a jikin lemo. Sannan na kai ta filin jirgi. Na ce mata wata biyu, in ya yi yawa uku.

A ƙofar ofishin da ake neman izinin akwai masu rubuta wa mutane takardar koke, kowa da laimarsa da ɗan teburinsa. Na zauna gaban wani tsoho. Ya ce, "Wadda kake so ka aura, 'yar wace ƙasa ce?"

Na ce, "Ba so nake ba, na aura. Matata ce."

Ya ɗaga alƙalaminsa daga takardar. "Ya ɗan'uwa, ni ban ji ba. Zan rubuta kana so ka aura. In ka shiga ciki ma haka za ka ce."

Na ji haushi. Na ce da bakina zan ce matata ba matata ba ce? An shafa fatiha gaban mutum ashirin. Ya ce to, takardarka ce. Ya rubuta yadda na ce, ya miƙo mini bai ƙara kallona ba.

A ciki wani matashi ne a teburin, mai ladabi, har ya ce mini ya ammi, wato kawu, in zauna. Ya karanta layin farko, ya sake karantawa.

"Ya ammi, an ɗaura ke nan?"

"An ɗaura."

"A kotu?"

"A gidan baffana."

Ya mayar da fom ɗin da ya ciro cikin aljihun tebur, ya ciro wani daban. Ya ce, "Da ka zo kafin a ɗaura, izini kake nema. Yanzu ka saɓa ƙa'ida, afuwa kake nema, kuma ba a wannan ɗakin ake yinta ba." Ya rubuta mini lambar mu'amala, wato fayil ɗina, a ƙaramar takarda, ya nuna mini bene.

A sama aka tambaye ni wa ya ɗaura auren. A nan na tsaya. Malamin nan ɗalibi ne, baƙo, saura shekara biyu ya gama, da mata da yara a ɗaki ɗaya. In na faɗi sunansa ban san me za a yi masa ba, wataƙila a sallame shi. Kuma shi kaɗai ne a majalisin da ya tambaya. Na ce wani malami ne, ban riƙe sunansa ba. Mai tambayar ya ce, "Mutum ya ɗaura maka aure ba ka san sunansa ba?" Na ce haka ne. Ga ni na ƙi yin ƙarya a ƙofa, na hau bene na yi ta. Ya rubuta wani abu, ya ce in dawo bayan wata.

Daga nan sai zirga-zirga. Ba wanda ya taɓa ce mini a'a, da an ce da na huta. A ce in kawo takardar mai unguwa, in kawo ta rasuwar matata ta fari, in kawo gwajin likita nawa da nata. Nata sai an yi a babban birninsu, kwana biyu a jirgin ruwa daga garinsu, a buga hatimi, a fassara, a sake buga hatimi, a aiko. Kafin nata ya iso nawa ya tsufa. In sabunta nawa, nata ya tsufa. Jini na ba da shi har na daina ƙirgawa. Duk lokacin da takardu suka cika, sai fayil ya koma kan tambaya ɗaya, wa ya ɗaura.

Ranar Juma'a bayan an sauko nake zuwa kabina, shagon da ake buga waya ƙasar waje. Gidansu babu waya, sai ta je gidan maƙwabta ta jira. Shekarar farko tambayarta ita ce, "Muhandis, ina labari?" Shekara ta biyu ta daina, sai ta tambayi ƙafar Hajiya, ta ce in duba tsakanin yatsun da suka rage. A shekara ta uku Hajiya ta rasu. Har satin ƙarshe tana tambayata yaushe amaryarta za ta zo, ina cewa an kusa.

A shekara ta biyar ta samu bizar umra, ita da ƙanenta, cikin ayarin mutanen garinsu. Ni ba zan iya zama muharraminta a takarda ba, shi ya sa ƙanen. Aka sauke su a wani otal kusa da Harami, kwana takwas. Na je na same ta a zauren otal, mutane na shige da fice da jakunkuna. Ta rame, ta fara sa tabarau. Ta dube ni ta ce, "Ka yi tumbi. Wa ke dafa maka?" Na ce mai shagon ful, dafaffen wake, da ke gefen warsha. Ta ce an gani.

Ba a barin namiji ya hau ɗakunan mata, kuma ba ni da katin iyali da zan nuna in kama mana ɗaki. Shugaban ayarinsu yana riƙe da fasfo ɗin kowa, yana ƙirga mutane safe da yamma. Da ƙyar ya bari ta zo Aƙiƙ da rana, ita da ƙanen, in dawo da su kafin magariba.

Rana ta uku Baffa ya zo gaishe ta. Ya tsufa, ana riƙe shi. Ya zauna ya ce mini, "To, Allah ya kawo ta. Ta zauna mana."

"Ta zauna yaya, Baffa?"

"Ta ƙi komawa, khalas, shi ke nan. Kakanka wa ya ba shi biza? Zuwa ya yi ya zauna. Duk unguwar nan zuwa aka yi aka zauna. Ta shiga ɗaki, ka rufe ƙofa, wa zai shigo gidan ɗan ƙasa?"

Ba zan ɓoye ba, tun kafin Baffa ya faɗa abin yana raina. Na juya mata maganar da Larabci, ina kallon ƙasa. Ba ni ta ba amsa ba, Baffa ta ba.

"Baba, babanka ya zauna yana fita kasuwa. Ni in na zauna, bakin ƙofa ma ba zan leƙa ba. Na yi aiki a asibiti a garin nan. Na ga matan da suka zauna, ana kawo su bayan sun kwana uku suna naƙuda a gida don tsoron a tambaye su takarda. Kuma ƙanena ya sa hannu zai mayar da ni."

Baffa ya ce mini da Hausa, "Wannan ta fiye boko." Ta ce me ya ce. Na ce ya ce kin yi gaskiya. Ta ce, "Ba haka ya ce ba, amma tayyib, ba komai."

Ranar tafiya motarsu ta tsaya a bayan otal, ana loda jarkokin zamzam da kwalayen dabino. Ta ce, "Muhandis, shekarata ta kusa arba'in. Zan ƙara shekara ɗaya. Ka je ka faɗa musu sunan malamin."

Lokacin malamin ya daɗe da gamawa ya koma Najeriya, ba abin da zai same shi. Na hau benen na faɗi sunan. Wani sabon ma'aikaci ne, ya buɗe fayil ɗin, ya yi kauri kamar bulo. Ya ce a baya na ce ban sani ba, yanzu na ce na sani, wanne za a ɗauka? Kuma ana bukatar mutumin ya zo da kansa. Na ce yana wata ƙasa. Ya ce to za a tura sama a duba. Na koma sau huɗu a shekarar, ana dubawa.

Shekarar ta cika, ta ƙara mini wata biyar ba ta ce komai ba. Sannan ta ce ta samu aiki a wani asibiti a wata ƙasa, kuma fom ɗinsu yana tambaya ko tana da aure. Ta ce, "Me zan rubuta?"

Lokacin na yi wayar hannu. Ina tsaye a bayan warsha da azahar, cikin tsofaffin firji. Na san abin da take tambaya. Na yi tunanin in ce ta ƙara haƙuri, na rasa da me zan haɗa maganar. Na sake ta saki ɗaya, da Larabci, don ta ji sosai. Sai ta ce, "Tayyib." Ta tambaye ni ko ina shan maganin hawan jinin da ta ce in nema. Na ce ina sha. Ta ce in rage gishiri.

Bayan wata biyu na je in rufe fayil ɗin, don kada ya zauna a kaina. Aka ce in kawo takardar saki daga kotu. Na je kotu, aka ce ba za a rubuta saki ba sai na kawo takardar aure. Na fito na tari tasi na koma Sultana, akwai firjin wani mai gidan abinci da na yi alkawarin gamawa ranar. Ban sake hawa benen ba.