Tauraro na Huɗu a Tutar Komoro

Har na bar aiki ban manta da ranar da muka tarbi wata likitar dabbobi 'yar Komoro a garin Tawa ba. Lokacin ina shekarata ta tara a sashen tarbar baƙi na buron da nake, wato ofishinmu. Aikin sashen shi ne masauki da mota da jeren kujeru da tutoci. Ƙa'ida ce, duk baƙon da ya zo daga wata ƙasa a ajiye masa ƙaramar tutar ƙasarsa a kan tebur, kusa da tamu.

Takardar zuwanta ta iso mana ranar Litinin. Za a buɗe taro ranar Alhamis kan rigakafin bisashe, daga nan a wuce da ita Takanamat ta ga makiyaya. Na duba akwatin tutocinmu, babu ta Komoro. Ni kaina sai da na nemi ƙasar a taswira: 'yan tsibirai ne cikin teku, tsakanin Mozambik da Madagaskar.

Na kai hoton tutar wurin Malam Illa, telan da ke yi mana ɗinki a bakin kasuwa. Layi huɗu ne a kwance, rawaya, fari, ja da shuɗi. Ta gefen sanda akwai kore mai kusurwa uku, cikinsa farin jinjirin wata da taurari huɗu a jere.

Laraba da la'asar na koma karɓa, na ga taurari uku.

"Malam Illa, ina guda?"

"Mushe," in ji shi, wato malam da Faransanci, "wurin ya yi kaɗan. In na sa huɗu sai su hau juna. Wa ka tsayawa ƙirga su?"

Na duba, ɗinkin ya yi kyau. Na karɓa na tafi.

Alhamis da ƙarfe tara zauren ya cika. Likitar ta shigo tare da shef ɗinmu, wato shugaban buron, ta kai wurin kujerarta, ba ta zauna ba. Ta ɗauki tutar ta duba, sannan ta tambaya a hankali wa ya shirya teburin. Shef ya nuna ni.

Ba ta ɗaga murya ba. Da Faransanci ta ce mini kowane tauraro tsibiri ne, kowane layi ma haka. Uku suna hannun gwamnatinsu, na huɗun, Mayot, yana hannun Faransa tun da suka sami 'yancin kai. An sake tutar sau da dama, amma ba a taɓa rage taurarin ba.

"Idan aka ɗauke ni hoto a bayan wannan, a gida za a ce na yarda an cire tsibirin. Zan iya rasa aikina. Kuma can aka haifi mahaifiyata."

Shef ya ce a ɗauke tutar kawai a fara taro. Ta ce ta fi so ta jira.

Na hau babur na ɗauko Malam Illa da allurarsa. A bayan zaure ya warware taurarin nan uku, ya yanko huɗu ƙanana daga farin hankicina, ya jera su da hannu. Da ya gama sai ya ce:

"Ashe ƙasar mutane ce nic cire."

An buɗe taro goma saura kwata. Washegari shef ya ba ni takardar neman bayani, wadda ake ba ma'aikaci ya amsa laifinsa a rubuce. Na rubuta cewa na ga kuskuren tun a shago kuma na karɓa. Ban sa sunan tela ba.

Ku da ke wannan sashe yanzu, ku sani yawancin aikinmu ƙananan abubuwa ne da ba mai lura da su. Mutum ɗaya ne kawai a zauren zai lura, kuma shi ne baƙon da kuka shirya taron dominsa.