Gangar Maikuɗi da Kujerar Kansila

Wanda ya sauka a Gindin Tsauni, can wajajen Shanono, ba sai ya tambayi mutum jam'iyyarsa ba, ya tambaye shi unguwarsu kawai. Mutanen Sama, waɗanda gidajensu suka jingina da dutsen, gwamnati suke bi, kowace ce. Mutanen Ƙasa, na bakin kasuwa, 'yan adawa ne. Ko wanda suka zaɓa ne ya hau, kafin damina ta zagayo sun fara gunaguni. Ka tambayi dalili, wani ya ce rigimar wata rijiya ce tun zamanin kakanni, wani ya ce a'a, a kan inda za a kafa firamare ne. Rijiyar dai ta daɗe da ruftawa, firamaren kuwa a tsakiya aka gina ta.

Mutum ɗaya ne aka rasa inda za a sa shi: Baba Maikuɗi, makaɗin gangar noma. Jikan Maguzawa ne, a coci Reuben ake kiransa, amma ban da fasto ba mai tuna wannan suna. Kuɗin ma suna ne kawai. Abin da ya mallaka shi ne gonar dawa, da matarsa Goggo, da taken kowane manomi na garin a kansa, rayayye da matacce. In aka kira gayya ya kaɗa wa mutum takensa, ko bayansa ya ƙage sai ya ƙara nome kunya ɗaya. Shi ya sa Sama da Ƙasa, masallaci da coci, kowa nasa ne.

Da zaɓen ƙananan hukumomi ya gabato, mutum biyu suka fito neman kansila: Abdulrashid daga Sama, da Malam Kamaruddeen, malamin firamare, daga Ƙasa. Kowannensu ya je har gida ya durƙusa, yana son ganga a taronsa. Amsa ɗaya suka samu: "Ɗana, gangar nan ta gona ce, ba ta san hanyar dandali ba."

To, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ran wata kasuwa Maikuɗi ya sa wa gangar sabuwar fata, ya zauna ƙofar gida yana gwadawa. Tun yana saurayi da take ɗaya yake gwada fata, na amininsa marigayi Nababa. Nababa kuwa shi ne mahaifin Abdulrashid, kuma daidai lokacin motar kamfen ɗin Abdulrashid take wucewa. Matasa suka ɗau shewa. Kan ka ce kwabo magana ta isa kasuwa: Maikuɗi ya bi Sama.

Shi kuwa ya riga ya kira gayyar kansa a makon nan. Gwiwa ta hana shi sunkuyo, 'ya'yansa mata ne, duk suna gidajen mazajensu, ciyawa ta kusa shanye dawar. In ba a nome ta yanzu ba, bana babu abin sa wa a rumbu.

Ranar gayya Goggo ta dama kunu cike da randa. Hantsi ya yi, 'yan Ƙasa ko mutum ɗaya. 'Yan Sama ma 'yan tsiraru ne suka zo, sauran sun tafi taro a sakatariya, tunda dai a ganinsu an riga an samu tsohon.

"Ka aika ka yi musu bayani mana," in ji Goggo.

"Wa ya taɓa jin bayani a lokacin siyasa?"

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ja jiki ya hau wani falalen dutse da ke kallon kasuwa, ya rataya ganga. Bai kaɗa taken kowa mai rai ba. Na matattun Ƙasa ya ɗauko, waɗanda ya yi wa kiɗa suna da ƙarfinsu: Sama'ilu mai garma biyu, Sabo na bakin rafi, ɗaya bayan ɗaya. A garin nan kuwa, ɗan da ya ji taken ubansa ya ci gaba da zama, da me zai kalli mutane?

Mahauci ne ya fara ajiye wuƙa. Sai tela, sai masu faci. Suka riƙa hawowa da fartanya a kafaɗa, fuska a murtuke, ba mai gaida 'yan Sama. Aka dai jeru, aka kama kunya. Na ƙarshen zuwa Malam Kamaruddeen ne, ɗan Sabo, da farar shaddar kamfen a jikinsa. Ya tuɓe ta ya rataye a reshen marke, ya karɓi fartanyar wani.

Kafin la'asar gona ta yi fes. Ana shan kunu, Kamaruddeen ya zo ya tsuguna gaban tsohon, tafin hannunsa duk ya yi bororo. Kowa ya kasa kunne, an ɗauka zai tambaye shi wa zai zaɓa.

"Baba," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ina ɗan yaro mahaifina ya rasu. Na ɗauka na manta shi. Don Allah a ƙara kaɗa min takensa sau ɗaya."

Maikuɗi ya ajiye ƙwaryar kununsa, ya jawo ganga.