Tsimin Ɗinyar Yohanna

Bana shekara goma sha ɗaya da rasuwar Yohanna makanike, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ni Habu masunci, na yi shekara bakwai ina shan giya ina ce mata maganin basir. Ko basir ɗin ma ba ni da shi.

Yohanna Kirista ne, daga kudancin Kaduna gyaran injin ban-ruwa ya kawo shi Haɗeja. Duk fadamar nan har Auyo, in inji ya yi tari, shi ake nema. Ni kuwa da kaka nakan tsinto masa ɗinya nunanniya a kwalekwale. Sai ya wanke ta, ya huda kowace ƙwaya da allura, ya zuba a kwalba, ya kwarara ogogoro da zuma, ya toshe. Kwana arba'in take yi a ƙarƙashin gado, yana juya ta kamar mai jinya, har ta yi baƙi ta yi kauri. Tsimi yake ce mata. Ni da karatuna ya tsaya a aji uku, sai na yi wa kaina fatawa: tsimi dai magani ne, magani kuma ba laifi.

Da na tuba, na tuba da zafi irin na sabon shiga. Na daina kai masa ɗinya, na daina zama a rumfarsa, in na hango shi sai in canza layi. Laifi tudu ne. Na taka nawa na hango na mutumin da bai taɓa miƙo mini kofi ba sai na roƙa.

Yau nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga fadama. Injinan da ya sani sola ta fara korar su, ciyawar kachala ta cinye mashigin ruwan da muke bi. Samari kuwa a leda suke tsotsar giyarsu a tsaye. Na san tsaki zai yi. Mutumin da ke jiran kwalba kwana arba'in ba zai gane wannan gaggawar ba. Haƙurin nan ne ya bari a bayansa: yaransa na gareji har gobe ba sa dukan inji, saurarensa suke yi.

Haƙurin ya gwada a kaina ma. Ana saura 'yan watanni ya rasu, ya zo ƙofar gidana da hantsi, ya rame, riƙe da kwalba.

"Sarkin ruwa, ga naka. Ɗinya ce da zuma da tafasasshen ruwa, ba ɗigon giya. Saboda kai na koya."

Na karɓa na shinshina, na sake shinshinawa, maƙwabta suna kallo. Sai na mayar masa, na ce, "Injiniya, na gode, amma ni yanzu na bar wannan hanya."

Bai yi fushi ba. Ya saka kwalbar a aljihun rigar aikinsa, ya hau babur, sannan ya waiwayo.

"Habu, wancan ban taɓa ce maka magani ne ba, kai ka faɗa, ka kuma yarda. Wannan da na faɗa da bakina, shi ne ba ka yarda ba?"